Sa Kashim Ibrahim: Gwamna a Tsarin Mulkin Firimiya

An haifi Kashim Ibrahim a Yerwa ta ƙasar Borno a shekarar 1910. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1925, inda zamansa ya zo daidai da na Ahmadu Bello. Da ya kammala sai ya koma gida ya kama aikin malanta, har aka naɗa shi Shettiman Borno a 1935. Daga baya siyasa ta ja shi: ya shiga jam'iyyar NPC, ya riƙe minista a Legas daga 1952, sannan ya zama Wazirin Borno a 1956.

A shekarar 1962 aka naɗa shi Gwamnan Jihar Arewa, ya gaji Sa Gawain Bell, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya zauna a gidan gwamna na Kaduna. Sai dai kujerar tasa ta girma ce, ba ta iko ba. Gwamna shi ke buɗe zaman majalisa a zauren Lugard, shi ke sa hannu a kan dokoki, shi ke naɗa Firimiya daga ɓangaren da ya fi rinjaye. Amma ragamar mulki tana hannun Firimiya, wato Sardauna, da ministocinsa.

Ba a Nijeriya kaɗai Ingila ta bar irin wannan kujera ba. Da kudancin Ailan ya sami 'yancin gudanar da harkokinsa a 1922, an ajiye masa Gwamna-Janar mai wakiltar Sarkin Ingila. Da yawa daga mutanen ƙasar sun ɗauki muƙamin a matsayin ragowar mulkin mallaka, don haka Eamon de Valera, bayan ya hau mulki a 1932, ya yi ta rage masa daraja har aka soke shi. Kundin tsarin mulkinsu na 1937 ya kawo shugaban ƙasa wanda jama'a ke zaɓa, iko kuwa ya zauna wurin firaminista da majalisa. Arewa ba ta bi wannan hanya ba. Ta riƙe kujerar, ta ɗora ɗanta a kai, ko bayan Nijeriya ta zama jamhuriya a 1963.

Kujerar kuwa tana da haɗari in mai ita ya yi garaje. A wannan shekara ta 1962 Gwamnan Jihar Yamma, Oni na Ife Adesoji Aderemi, ya tuɓe Firimiya Akintola, abin da ya kai ga kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Ba a ga haka a Kaduna ba. Gaskiya ne rinjayen NPC ya sauƙaƙa wa Kashim aiki, amma sanin iyakar muƙaminsa ma ya taimaka, ga shi kuma Babarbare ne, wanda zamansa a nan ya nuna wa Borno cewa ba Sakkwato kaɗai ke da gwamnatin ba.

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya rushe tsarin baki ɗaya. An kashe Sardauna a gidansa, shi kuma Kashim sojoji suka tsare shi na ɗan lokaci. Daga bisani ya zama mai ba Gwamnan soja Hassan Usman Katsina shawara, ya kuma riƙe uban Jami'ar Ibadan, sannan ta Legas. Ya rasu a 1990. Gidan gwamnatin Jihar Kaduna da babban ɗakin karatu na Jami'ar Ahmadu Bello suna ɗauke da sunansa.