Tarihin Abbas ɗan Firnas, Malamin Andalus da Ya Yi wa Kansa Fukafukai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da fatake, duk wanda ya taɓa raka maniyyaci filin jirgin sama na Kano ya ga kowane jirgi da bindi a bayansa. Haka su ma jiragen nan uku na sojan Ingila suke, waɗanda suka taso daga Masar suka fara sauka a Kano ran 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarki Usman ɗan Abdullahi. To, ku sani akwai wani malami da ya gane amfanin bindin nan a jikinsa, yau shekara fiye da dubu ke nan.

Shi ne Abul Ƙasim Abbas ɗan Firnas, asalinsa Babarbaren Magrib ne, watau daga ƙabilar Barbar. An haife shi a yankin Runda ta ƙasar Andalus wajen shekarar 810 ta Miladiyya, ya zauna a birnin Ƙurɗuba, ya yi zamani da sarakuna uku na Banu Umayya: Hakamu, da ɗansa Abdurrahmanu, da jikansa Muhammadu.

Abin da ya fara ɗaukaka sunansa shi ne ilmin aruli. Wani falke ya zo Andalus da littafin Halilu ɗan Ahmadu na Basra a kan ma'aunin waƙa, littafin ya kai fada, aka rasa mai gane kansa. Da ya shiga hannun Abbas sai ya zauna masa har ya warware shi, Sarki Abdurrahmanu ya yi masa kyauta. Ban da wannan, ya san hisabi da ilmin taurari, ya ƙware wajen yin ƙarau daga dutse, ya ƙera agogon ruwa domin sanin lokuta. A cikin gidansa kuwa ya shirya wani ɗaki da siffar sama, mai shiga ya ga taurari da gajimare da walƙiya, ya ji tsawa. Irin waɗannan abubuwa suka sa waɗansu suka kai ƙararsa gaban alƙalin Ƙurɗuba suna tuhumarsa da zindiƙanci, alƙali ya saurari shaidu bai sami hujjar kama shi ba, ya sallame shi.

Labarin tashinsa kuwa yana cikin Nafhuɗ Ɗibi na Shehu Ahmadul Maƙƙari, mutumin Tilimsan, garin su Shehu Magili wanda ya zo Kano zamanin Rumfa. Shi Maƙƙari ya karɓi ijaza a hannun Ahmadu Baba na Tumbutu. Abin da ya kawo shi ne, Abbas ya lulluɓe jikinsa da gashin tsuntsu, ya ɗaura fukafukai biyu, ya tashi ya yi tafiya mai nisa a iska, amma wajen sauka ya faɗi ya ji ciwo a ƙugu, domin bai yi wa kansa bindi ba. Mawaƙin zamaninsa, Mumini ɗan Sa'idu, ya yi masa ba'a a cikin waƙa. Abbas ya rasu a shekarar 274 ta Hijira, daidai da 887.

Yanzu sai mu duba mas'alar da ta kā da shi. Fiffike shi ke ɗaukar nauyi, amma shi kaɗai ba ya zama daidai: iska kaɗan ta sāke, sai gaba ya rinjaya ƙasa ko ya ɗaga sama, kamar sikelin da aka ɗora wa kaya gefe guda. Bindi shi ke mai da shi daidai. Ku lura da shirwa in za ta sauka, yadda take baza bindinta ta rage gudu.

Da Turawa suka ƙera jirgi mai inji, sai waɗansunsu suka ga gangar jiki da bindi nauyi ne kawai, suna kuma tare iska, suka so su yi jirgin da duk jikinsa fiffike ne. Ashe sun koma kan mas'alar Abbas. Dabararsu ita ce su karkatar da fukafukai baya kamar bakin mashi, su ɗan murɗe ƙarshensu, don ƙarshen nan ya yi aikin bindi. Wani Bature mai suna Dunne ya tashi jirgi maras bindi a Ingila a 1910. A Jamus wa da ƙane, Walter da Reimar Horten, suka fara da jirgi maras inji a 1933. A Amurka Jack Northrop ya tashi ƙaraminsa a 1940, sa'an nan ya yi babba mai suna YB-49 a 1947, faɗinsa ƙafa 172. Amma jirgin yana tangaɗi a sama, a 1948 kuwa guda ya tarwatse, mutum biyar suka halaka, daga baya gwamnati ta soke aikin aka farfasa sauran. Sai a 1989 jirgin B-2 ya tashi, faɗinsa daidai da na wancan, kwamfuta tana gyara masa zama kowane lokaci, abin da hannun matuƙi ba zai iya ba. Northrop bai ga tashinsa ba, ya mutu a 1981.

To, jama'a, in masu injuna da dukiyar gwamnati sun sha wannan wuya a kan rashin bindi, mai gashin tsuntsu bai cancanci dariya ba. Ya gwada, ya faɗi, malamai kuma suka rubuta dalilin faɗuwar, ba su ɓoye ba, shi ya sa ta zama karatu. Masana taurari sun sa wa wani rami a jikin wata sunansa, a 2011 kuma aka buɗe gada da sunansa a Ƙurɗuba, garin da aka yi masa ba'a. Allah ya jiƙansa, ya ƙara mana fahimta, amin. Tamat.