Fernande Olivier, wadda ta fita ba ko sisi

'Yan'uwa mata, a bikin ƙungiyarmu na bana bari mu tuna da wata mace, Fernande Olivier. An haife ta a Faris, ƙasar Faransa, a 1881. Mijinta na fari mai duka ne, ta gudu ta bar shi. A 1904 ta haɗu da Pablo Picasso, mai zane ɗan Sifen, lokacin bai da ko anini. Tare suka sha wuya a ɗan ɗakin haya, ga sanyi ga yunwa, shi kuwa yana ta zana fuskarta.

Da arziki ya zo, sai suka rabu a 1912. Ba igiyar aure, ba jari, ba komai da sunanta. Haka ta koma 'yan ƙananan ayyuka don ta ci abinci. Abin da ya rage mata shi ne alƙalami: a 1933 ta fitar da littafin zamansu, har yau masana suna karanta shi. Ta rasu a 1966.

To, kun dai ji. Soyayya da daɗi, amma mu riƙe adashinmu da sana'armu, kowa da nata.