Andasan, ɗan baduku mai tatsuniya

An haifi Hans Kiristiyan Andasan a garin Odense na ƙasar Danmak a shekarar 1805. Ubansa baduku ne mai ɗinkin takalma, uwarsa kuwa wankau take yi. Yana da shekara 14 ya tafi Kopenhag, babban birnin ƙasarsu, da guzuri kaɗan. Can wani babban mutum ya taimake shi, ya shiga makaranta.

A 1835 ya fito da dogon labarinsa na farko don manya. Labarin wani yaro ne matalauci na ƙasar Italiya wanda ya zama mawaƙi. Jama'a suka yi na'am da shi, aka juya shi cikin Jamusanci, sunan Andasan ya bazu.

Cikin shekarar nan kuma ya buga wani ɗan littafi mai tatsuniya 4 don yara. Wannan kam masana suka kushe shi, wai ya yi rubutu kamar mai hira. Amma bai karaya ba, ya ci gaba.

Ya rasu a 1875. Yau masu karanta littafin manyan nan kaɗan ne. Tatsuniyoyin da aka raina kuwa, su ne yaran duniya suke karantawa cikin harsuna da yawa.