Mary Slessor, Uwar Okoyong

'Yan'uwa, a wannan wata za mu sauka kudu, ƙasar kurmi da rafuka, mu ji labarin wata baiwar Allah da ta yi aikin bishara wajen Kalaba.

An haifi Mary Slessor a Abadin, cikin ƙasar Sikotlan, ran 2 ga Disamba 1848. Ubanta mai ɗinkin takalma ne, amma giya ta cinye shi, ta cinye abin hannunsa. Uwarta kuwa mai tsoron Allah ce, 'yar ekklesiyar Presbiteriyan, watau ekklesiyar da dattawa ke riƙon mulkinta. A 1859 suka ƙaura zuwa Dandi. Tana da shekara 11 ta shiga masaƙa, rabin yini aiki, rabin yini makaranta. Da ta ƙara girma sai aiki ya zama daga ƙarfe 6 na safe har 6 na yamma. Uwar takan karanta wa 'ya'yanta labarin Kalaba cikin takardar wata-wata ta mishan, irin wadda ke hannunku yanzu. Daga nan abin ya shiga zuciyar yarinyar.

A watan Agusta 1876 ta shiga jirgin ruwa. Ba ita ta fara aikin Kalaba ba, gama Hope Waddell ya kafa shi tun 1846, tare da waɗansu Kirista baƙar fata daga Jamaika. Ta koyi harshen Efik har ta ƙware. Ta bar abincin Turawa ta koma cin na ƙasa, domin ta sami abin aika wa uwarta daga cikin albashinta.

A wancan zamani idan mace ta haifi tagwaye, mutanen wurin suna tsammani ɗayansu ɗan aljani ne. Da ya ke ba a san wanne ba, sai a jefar da su duka biyu a jeji, a kori uwar daga gari. Masu bishara da suka riga ta sun yi ta faɗa da wannan al'ada, kada mu hana su ladansu. Amma Mary ba ta tsaya ga wa'azi ba. Da ta ji an haifi tagwaye sai ta ruga, ko da tsakar dare ne, ta ɗauko su ta kawo ɗakinta ta goya. Ɗaya daga cikinsu, Janie, ta zama kamar 'yar cikinta.

Bayan uwarta da ƙanuwarta sun rasu, ba sauran wanda zai yi juyayinta a gida. Sai a watan Agusta 1888 ta tafi Okoyong, inda kowa ke jin tsoro, ta zauna a ƙauyen Ekenge tare da yaran da ta ke goyo. Can idan babban mutum ya mutu, a kan ce maita ce, a ba waɗanda a ke tuhuma wani wake mai dafi su sha, kamar shan gwaska da kakanninmu suka sani. A 1889 gungume ya faɗa wa ɗan sarkin ƙauyen, ya yi jinya ya mutu. Aka kama mutane aka ɗaure su da sarƙa domin a kashe. Mary ta zauna kusa da su dare da rana, tana roƙo, tana gardama, har aka sake su da ɗaya ɗaya. Aka binne yaron da saniya maimakon mutum. 'Yar'uwar sarki, Ma Eme, ta taimake ta ƙwarai, takan aiko mata da labari a ɓoye.

Ɗakin sujadarsu ƙarami ne, ita da mutanen gari suka kwaɓa ƙasa suka gina. Nan a ke karatu, nan a ke sujada. A 1892 Gwamnati ta ɗora mata shari'ar Okoyong, ta zama alƙali. Takan zauna tana saƙa da hannu tana sauraron masu ƙara har zafin zuciyarsu ya huce. An ce tana da saurin fushi, ba ta kuwa kula da lafiyarta, tana yawo ba takalmi ba hula. Wannan ba abin koyi ba ne, zazzaɓi ya sha kayar da ita.

Ga abin da ya fi taɓa ni, ni da na san wahalar ƙaramar ekklesiyar ƙauye. Sai a 1903, a Akpap inda mutanen suka ƙaura, aka fara yin baftisma da Jibin Ubangiji a Okoyong. Shekara 15 ke nan tana shuka. Waɗanda aka karɓa ba su da yawa, waɗansu ma yaran gidanta ne. Ita kuwa ba fasto ba ce, sai da aka kira wani ya zo ya yi musu.

Ba ta zauna cin amfanin ba. Ta bar wa waɗansu, ta nausa Itu da rafin Enyong, tana kafa ƙananan makarantu da ɗakunan sujada, tana barin samari masu ɗan karatu su riƙe su. Da ƙafa ta gaza, a kan tura ta cikin keken marasa lafiya.

Ta rasu a Use ran 13 ga Janairu 1915, tana da shekara 66. Aka ɗauki gawarta cikin jirgi aka gangara kogi zuwa Kalaba, aka binne ta a can.