Abdou Moumouni Dioffo: ɗan Tasawa da ya ɗauki rana a matsayin arziƙin Nijar

Wanda ya bi ta Malbaza ya ga filin allunan nan masu sheƙi na tashar lantarki mai aiki da hasken rana, wadda aka buɗe a 2018 da ƙarfin megawat 7. Mutumin da ya fara nacewa a kan cewa ranar da ke gasa mu a watan Afrilu dukiya ce bai ga wannan tasha ba, domin ya riga mu gidan gaskiya shekara 27 kafin a kunna ta. Da yawa sun san sunansa a ƙofar jami'ar Yamai kawai.

An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929. Ya yi lakwal a Damagaram da Yamai, sannan aka tura shi makarantar William Ponty a Senegal, inda Faransawa ke horar da malamai da akawu na ƙasashen da suke mulka. Ga mafi yawan ɗalibai, karatu a nan yake tsayawa. Shi kuwa ya wuce Dakar, daga can Paris. A 1956 ya ci jarrabawar nan mai tsauri da Faransa ke tace manyan malamanta da ita, a fannin fiziks, wato ilimin haske da zafi da motsi da ƙwayar zarra. Shi ne baƙar fatar Afirka na farko a yankin Faransa da ya ci ta a wannan fanni.

Bai tsaya ga alli da allo ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban baƙar Afirka a Faransa, FEANF, da kuma jam'iyyar PAI mai neman ƴancin kai, wadda aka kafa a 1957. Da Gine ta ce a'a ga De Gaulle a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta, makarantu suka zama ba malamai. Moumouni na cikin ƴan bokon Afirka da suka tafi Konakiri suka riƙe aji. Daga baya ya samu tallafin bincike a Tarayyar Sobiyet, inda ya zurfafa a kan makamashin rana, sannan a 1964 ya kafa ɗakin binciken hasken rana a Bamako. A 1967 ya samu babban digirin dokta a Paris.

A 1964 ɗin ne kuma littafinsa L'éducation en Afrique ya fito. A ciki ya nuna cewa makarantar mulkin mallaka an gina ta ne don samar da ƴan hidima, ya kuma kawo hujjar cewa yaro ya fi fahimta in aka fara koya masa da harshen da ya tashi da shi. Ni da na yi jami'a da Faransanci, sai da na zauna rubuta wannan shafi na gane nauyin maganar: na san sunan kowane sashe na ƙwayar zarra da harshen wasu, amma da harshen uwata sai na yi ta lalube.

A 1969 ya dawo gida ya karɓi ragamar ONERSOL, ma'aikatar makamashin rana ta ƙasa, ya riƙe ta har 1985. Nan ne aikinsa na gaske yake, kuma sai an bambance abu biyu kafin a gane shi. Hanyar farko ta cin moriyar rana ita ce kama zafinta: baƙin ƙarfe a ƙarƙashin gilashi yana shan haske ya dumama ruwa, madubi mai lanƙwasa kuma yana tara hasken wuri guda har ya dafa tukunya. Hanya ta biyu tana faruwa ne a cikin ƙwayar zarra. Haske na zuwa a ƙananan dunƙule, kamar yadda Einstein ya bayyana a 1905. In dunƙulen ya bugi zarrar silikon sai ya saki ɗan ƙwayar lantarki, taruwar waɗannan ita ce kuran da ke fitowa daga fano. An ƙera fanon silikon na farko mai amfani a Amurka a 1954, amma a zamanin Moumouni tsadarsa ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Shi ya sa ya fi ba hanyar zafi ƙarfi. A ONERSOL an ƙera na'urorin dumama ruwa, da na tace ruwa, da murhun dafuwa, aka kuma yi gwajin injin da zafin rana ke juyawa. Lissafinsa a fili yake. Ƙasar da ba ta da gaɓar teku, wadda ke sayen mai da tsada, kuma mata ke tafiya mai nisa neman itace yayin da hamada ke matsowa, tana buƙatar kayan da maƙeranta za su iya yi su kuma gyara. Fari da yunwar farkon shekarun 1970 sun ƙara wa maganarsa nauyi.

A ganina, tarihi ya ba shi gaskiya rabi, ya hana shi rabi. Rana ta yi nasara: yau fano na kan rufin shaguna a Ƙonni, yana cajin waya a ƙauyukan Illela, yana jan ruwa a garaken albasa. Amma kusan duk daga waje ake shigo da shi, galibi daga Sin, kuma murhun rana bai kori itace da gawayi daga madafa ba. Ba laifin mata ba ne: tukunyar da ke son tsakar rana ba ta dace da gidan da ke dafa tuwo da almuru ba. Da Najeriya ta yanke kuran a watan Agusta 2023 bayan juyin mulki, garuruwanmu suka shiga duhu.

Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982, ya ci gaba da koyar da fiziks a can har ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991, ƴan watanni kafin babban taron ƙasa. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.