Tarihin C. K. Ogden, Masanin Da Ya So Ya Rage Fi'ilan Turanci

Kowane malami da ya taɓa koyar da Turanci ya san inda almajirai suka fi tuntuɓe, watau wajen fi'ili, kalmar da ke nuna aikatawa. Akwai wani Bature da ya ba da yawancin rayuwarsa ga neman maganin wannan wahala, sunansa Charles Kay Ogden.

An haife shi a garin Fleetwood ta ƙasar Ingila cikin 1889, ya yi karatu a Jami'ar Kambirij. A can ya shiga buga wata mujalla wadda lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta riƙa fassara ra'ayoyin jaridun ƙasashen waje, har na abokan gaba. Mutane suka ji haushi, ran da aka daina yaƙin cikin 1918 suka fasa masa kanti. Cikin 1923 shi da abokinsa I. A. Richards suka wallafa littafi a kan ma'anar kalmomi, daga nan hankalinsa ya koma ga sauƙaƙe Turanci.

Cikin 1930 ya fito da abin da ya kira Basic English. Ya tace harshen duka ya bar kalmomi 850, waɗanda za su shiga takarda guda. Sunayen abubuwa 600 ne, siffofi 150, sauran 100 su ne masu haɗa magana, cikinsu kuwa fi'ilai 18 kacal, irin su come, go, get, give, make, put da take. A ganinsa babban fi'ili ƙunshi ne, in an kwance shi sai a tarar da ƙaramin fi'ili da kalmar da ke nuna wajen da aka nufa. Maimakon enter a ce go in, maimakon disembark a ce get off a ship.

Dabarar ta yi farin jini. Richards ya kai ta ƙasar Sin, Churchill ya yabe ta a Jami'ar Harvard cikin 1943, bayan yaƙi kuma Gwamnatin Ingila ta sayi haƙƙin mallakarta fam 23,000.

To, amma a nan gizo ke saƙa. Abin da ya zama sauƙi ga Bature bai zama sauƙi ga baƙo ba. Ƙananan fi'ilan nan su ne masu rikida kamar hawainiya. Yaro ya san put, ya san up, ya san with, amma babu yadda zai gane cewa in an haɗa su ma'anarsu jurewa ce, alhali tolerate in ya koye ta sau ɗaya ya huta. Akawu kuma ba shi ke zaɓen kalmomin takardar da ta zo masa ba. In an rubuto masa da authorise ko postpone, kalmomi 850 ba za su fisshe shi ba. A nawa ganin Ogden ya rage nauyin haddace ne, ya ƙara na fahimta, ko da yake ya yi gaskiya da ya ce a fara da kalmomin da suka fi aiki, a jera su bisa tsari.

Gwamnati ta yi sanyi da al'amarin, makarantu ba su runguma ba. Ogden ya ci gaba da tara littattafai dubbai a gidansa, ya rasu a London cikin Maris 1957. Har yanzu masu rubuta sashen Wikipedia na sauƙaƙan Turanci suna duba jerin kalmominsa.