Reginald Punnett, Baturen da ya koya wa masu kiwo gane kaza da zakara tun ranar ƙyanƙyasa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sarin kwalin ƴan tsaki ya san inda asara take ɓuya. Ka biya kuɗin kajin ƙwai, ka yi makonni kana zuba abinci, sai wata asuba ka ji rabinsu sun fara cara. A tarihinmu na yau za mu kawo muku rayuwar masanin da ya samo wa masu kiwo maganin wannan matsala, wato Reginald Punnett na ƙasar Ingila.

An haife shi ranar 20 ga watan Yuni na 1875 a garin Tonbridge da ke kudancin Ingila. Ya yi karatun ilimin dabbobi a Jami'ar Kambirij, inda ya kammala a 1898. Da farko tsutsotsin teku yake bincike. Daga baya ya haɗu da William Bateson, suka duƙufa kan yadda ƴaƴa ke gadon kamannin iyaye, suna gwaji da furanni da kaji, har siffar zankon zakara sai da suka bi diddiginta. A 1905 ya fitar da littafinsa Mendelism, a 1910 shi da Bateson suka kafa mujallar Journal of Genetics, a 1912 kuma ya zama farfesan farko na ilimin gado a Kambirij.

Abin da ya riƙe a harkar kaji shi ne wannan. A jikin kowace halitta akwai wasu ƙunshe-ƙunshe masu ɗauke da gado, ana ce musu kuromosom, kuma bibbiyu suke tafiya, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wajen ɗan Adam mace na da X biyu, namiji na da X da Y, don haka daga wajen uba ake samun abin da ke raba ɗa da ɗiya, cikin ikon Allah. Wajen tsuntsaye abin a juye yake: zakara ne mai iri ɗaya guda biyu, wato Z da Z, kaza kuwa Z da W. Ke nan budurwar kaza Z ɗinta guda ɗaya tal daga ubanta ta samo shi. Duk launin gashin da ke bisa Z, ɗiya launin uba za ta ɗauko.

Lokacin yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, abincin kaji ya yi wuya a Ingila, ciyar da zakarun da ba sa ƙwai ya zama ɓarna. Sai Punnett ya ba da shawarar a haɗa jan zakara da kaza fara mai launin azurfa. Tsakin da aka ƙyanƙyashe, mata su fito jajaye, maza su fito farare, a ware su tun ranar farko. Amma dabarar tana da iyaka. Idan aka juya, aka sa farin zakara da jar kaza, ba ta aiki, kuma idan ƴaƴan suka hayayyafa tsakaninsu launi ba ya ƙara nuna komai.

Wannan ne ya sa shi da abokin aikinsa Michael Pease suka haɗa kajin Campine da na Plymouth Rock masu zane-zane, suka samar da sabon iri mai suna Cambar, wanda aka nuna a taron masu kiwon kaji na duniya a Landan a 1930. A wannan iri namiji kan fito da haske, mace da duhu, kuma haka abin ke tafiya daga iyaye zuwa jikoki. Punnett ya yi ritaya a 1940, ya mutu ranar 3 ga watan Janairu na 1967 a yankin Somerset yana da shekara 91.

A shekarar da ya mutu ne wani masani haifaffen gidan Japanawa da ke aiki a Amurka, Susumu Ohno, ya wallafa littafin da ya tattara hujjoji kan asalin waɗannan kuromosom. Bayaninsa shi ne Z da W tun fil azal tagwaye ne masu girma ɗaya. Da suka daina musayar gado tsakaninsu, sai W ya riƙa zubar da kayansa yana ƙanƙancewa. A kaza yau Z na ɗauke da ƙwayoyin gado wajen 1,000, W kuwa bai kai 50 ba. Jimina shaida ce a kan haka, domin nata W ɗin har yanzu ya kusa kai Z girma. An kuma gano cewa Z na tsuntsu da X na mutum ba tushensu ɗaya ba. A 2009 masana a Ostareliya suka nuna cewa wata ƙwayar gado da ke bisa Z, mai suna DMRT1, ita ce jigon zama zakara.

Jajayen kajin ƙwai na gidan gona da ake sarowa a kasuwanninmu na bakin iyaka, da yawansu da dabarar Punnett ake ware su: mata jajaye, maza farare. Sai dai mai saye ya lura, wannan ƙa'ida ba ta hau kan kajin gida ba, ba ta kuma hau kan ƴaƴan da waɗannan kajin suka haifa ba. Kafin ka biya kuɗi, tambayi irin da aka haɗa da gidan ƙyanƙyasar da kwalin ya fito.